A Faɗi Wurin Ko A Ɓoye Shi?

Ɗan Garwa mai karatu a Grenoble:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na kawo muku wata magana da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma ko da yake a ƙasar sanyi ta faru, ina ganin ku ne za ku iya warware mini ita. Wannan ce shekarata ta uku a Grenoble ta ƙasar Faransa, garin da duwatsun Belledonne da Chartreuse da Vercors suka sa a tsakiya. Idan sanyi ya shigo, mutanen nan sukan yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma wasan iri biyu ne. Akwai na filayen da aka gyara, inda ake biyan kuɗi na'ura ta ɗauki mutum zuwa sama. Akwai kuma na daji, inda babu na'ura babu mai gadi, sai dai mutum ya manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin allunan da ya ɗaura a ƙafa don kada su zame baya, ya yi awa uku ko huɗu yana hawa, sannan ya cire ƙyallen ya gangaro. Abin da ake wa wannan wahala duka shi ne dusar da ba wanda ya taka, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe.

Wani dattijo da muke unguwa ɗaya ya ɗauke ni kamar ɗansa, shi ya koya mini. Kwanan baya ya kai ni wani kwari da ba mu tarar da sawun kowa ba sai na dabbobi. Don murna, da na dawo sai na ɗora hotuna da taswirar hanyar a shafin da masu wannan wasa ke musayar labari, har da inda ake ajiye mota. Da muka koma bayan mako guda, motoci sun cika bakin hanyar, gangaren kuma ya zama kamar gonar da shanu suka kwana a ciki. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce shekara talatin ke nan yana zuwa wurin, kuma mutum huɗu kaɗai ya taɓa kaiwa, ni ne na huɗu. Tun ranar bai sake kirana ba. Shin na ci amana ne, ko kuwa dutse na Allah ne, babu mai ikon ɓoye shi?

Masunci daga Lagdo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma maganarka tamu ce sak. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 ruwa ya haɗiye gonaki da itatuwa da tsofaffin hanyoyi, kuma a ƙarƙashin ruwan nan akwai kututture da kwazazzabai da kifi ke taruwa a cikinsu. Kowane tsohon masunci yana da gurbinsa. Nawa mahaifina ne ya nuna mini, kuma ba da baki ya nuna mini ba. Ya tsayar da kwale-kwale ne da asuba, ya ce in dubi kan wani dutse in daidaita shi da wata bishiyar giginya, in juya in daidaita wani tsibiri da bakin gaɓa, inda layukan biyu suka haɗu nan ne wurin. A wannan safiyar ce kuma ya gaya mini watan da ba a taɓa wurin saboda karfasa na ƙwai, da gefen da dorina ke kwana da ɗanta, da girman idon tarun da ya halatta a jefa.

Ka lura da wannan, domin nan maganar take. Ya ba ni wurin tare da sharaɗinsa, a zama ɗaya. Kai kuwa ka ba mutane wurin ka bar sharaɗin a wajen dattijon. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka je ka ba shi haƙuri.

Malamar makaranta daga Marwa:

Baba, ina girmama maganarka, amma ina neman izini in saɓa. Kai mahaifinka masunci ne, shi ya sa ka sami gurbi. Yaron da ubansa ba masunci ba ne fa, wa zai nuna masa? Wannan ƙanen namu baƙo ne a Faransa, Allah Ya haɗa shi da dattijo mai kirki. Akwai ɗaruruwan irinsa da ba su sami kowa ba, kuma idan kowa ya riƙe abin da ya sani sai ga ɗansa da abokinsa, to dutse ya zama gadon wasu gidaje ke nan. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Na girma ina hangen dutsen Mindif daga Marwa, amma ban taɓa zuwa gindinsa ba sai da na haura shekara talatin, domin duk wanda ya san hanya namiji ne, kuma ba mai tunanin ya ce wa yarinya ta zo. Abin da ya kai ni shi ne bayanin da wata baiwar Allah ta rubuta a Facebook, ta faɗi motar da ake shiga da wanda ake gaisarwa idan an isa. Yanzu nakan kai ɗalibaina. Da ta ɓoye, da yara nawa ne ba su gani ba?

Masunci daga Lagdo:

Malama, dutsen Mindif ba ya ƙarewa don an kalle shi. Kifi yana ƙarewa.

Malamar makaranta daga Marwa:

Gaskiya ne, Baba, na karɓi wannan. Amma dusar da yaron nan ke magana a kai tana sake zuba, ba kamar kifi ba. Abin da dattijon ya rasa shi ne kaɗaici da jin daɗinsa, ba abincin iyalinsa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa jin daɗin mutum ɗaya ya fi na mutum hamsin ba.

Ɗan Garwa mai karatu a Grenoble:

Yaya Malama, da farko haka na ɗauka, amma akwai abu biyu da ban faɗa ba, kuma su ne suka fi damuna. Na farko, akwai wani baƙin tsuntsu mai kama da zakara da ke zaune a duwatsun Alps. Idan sanyi ya tsananta yakan haƙa rami a cikin dusar ya shige ya kwanta, yana tattalin ɗan ƙarfin da ke jikinsa, domin abinci ya yi ƙaranci. Duk lokacin da mai zamiya ya wuce ta kansa sai ya firgita ya tashi, ya bar ramin, ya ƙona ƙarfin da ba zai iya mayarwa ba. Idan hakan ya yawaita yakan rame har ya kasa kai bazara. Dattijon yana kauce wa wani gefen kwarin mai ƙananan itatuwa saboda tsuntsun nan, ni kuwa ban rubuta haka ba, kuma da muka koma na ga sawu ya ratsa wurin ta ko'ina.

Na biyu ya fi tsanani. Dusar ƙanƙara tana zaftarewa, musamman a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa sama. Hukumar yanayi ta Faransa tana fitar da sanarwa kullum a lokacin sanyi, tana auna haɗarin daga mataki na 1 zuwa na 5. Kowane mai hankali yana ɗaukar abu uku: na'urar da ke aika sigina idan an binne shi, da sandar caka dusa don lalubo wanda aka binne, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi ana samunsa da rai, bayan haka kuwa damar tana raguwa da sauri ƙwarai. Ranar da muka je haɗarin yana ƙasa. Taswirata tana nan a shafin, ba ta san yau ba ta san gobe ba, kuma wanda zai bi ta ranar da iska ta tara dusa a bayan tudu zai ga hotona ina dariya ne kawai.

Ma'aikaciyar jinya daga Gidar:

To ai wannan hujja ce ta a faɗa, ba ta a ɓoye ba. Ni aikina ya koya mini cewa abin da ake ɓoyewa ya fi kisa. Kusa da mu akwai kwazazzabon Kola, inda kogin Mayo Luti ya sassaƙa dutse ya yi lungu mai zurfi. Da rani mutum zai shiga ya yi yawo a ƙasan, yashi a ƙafarsa, bango mai santsi dama da hagu. Da damina kuwa ana iya yin ruwa can sama inda ba ka gani ba, sama tana garau a kanka, sai ruwa ya taho gaba ɗaya. Duk ɗan gari ya san haka, baƙo ne bai sani ba. Idan muka yi shiru, samari ba za su fasa zuwa ba, za su dai je ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya riga ya ga hoto a wayar abokinsa zai nemi wurin ko ta halin ƙaƙa. Gara ya sami cikakken bayani daga wanda ya sani da ya sami rabi daga wanda ya je sau ɗaya.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Garwa:

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in yi magana a kan abin da na gani da idona, domin akwai ranar da sanin wuri ke zama harsashi. A farkon shekarar 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka shigo gandun Buba Njida suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Ba yawo suka yi ta yi suna lalube ba, sun san mashaya, sun san hanyar da garke ke bi da rani. A gandun Zakuma na ƙasar Chadi giwaye sun haura 4,000 a 2002, amma zuwa 2010 ba su kai 500 ba, sai da aka sauya tsarin tsaron gandun kafin suka fara farfaɗowa. Baƙar karkandar yammacin Afirka kuwa, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an nema an rasa, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Jikokinmu sai dai su ji labari.

Ban ce intanet ce ta yi wannan ɓarna ba, mafarautan nan da 'yan rahoto suke aiki. Abin da nake cewa shi ne, aikin da ɗan rahoto ke yi a ɓoye don kuɗi, yau mai waya yana yinsa kyauta ba tare da ya sani ba. Wayar zamani tana iya liƙa wa hoto ainihin inda aka ɗauke shi, shi ya sa a wasu gandayen kudancin Afirka ake roƙon baƙi su kashe wannan kafin su ɗauki hoton karkanda. A ƙarshen 2017 ma manhajar Strava, wadda masu gudu da masu keke ke amfani da ita, ta fitar da taswirar hanyoyin da mutanenta ke bi, sai ga sansanonin soja sun bayyana a fili saboda sojoji na motsa jiki da ita. Idan soja bai tsira ba, ina ga giwa?

Malama, kin ce jin daɗin mutum hamsin ya fi na mutum ɗaya. Na yarda, idan mutane kaɗai ake ƙirgawa. Tsuntsun da yaron nan ya ambata ba ya cikin lissafin, kuma ba shi da bakin da zai shigo nan ya yi magana.

Jagoran baƙi daga Rumsiki:

Ranka ya daɗe, ka yi magana a kan dabbobi, bari in yi a kan mutane. Kafin 2013 muna karɓar baƙi daga Turai kusan duk lokacin rani, su kwana a ƙauye, mu zagaya da su tsakanin dogayen duwatsun Kapsiki, su sayi tulu da saƙa da kayan tagulla. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya bayan sun fito daga gandun Waza, daga nan ƙafa ta ɗauke. Abokan aikina wasu sun koma acaɓa a Mokolo, wasu sun tafi kudu neman aiki. Mu yanzu ba cunkoso ke damunmu ba, mantuwa ce. Idan na ji mutanen Turai na kukan cewa an yi musu yawa a kan dutse, nakan ce ina ma a raba mana.

Amma ko a lokacin da kasuwa ke ci, akwai wuraren da ba na kai kowa. Akwai inda mutanen gari ke binne manyansu, akwai inda suke yin al'adunsu, kuma ko nawa baƙo zai bayar ba zan nuna masa ba, domin ba nawa ba ne. Don haka ni a wurina tambayar ba ita ce a faɗa ko a ɓoye ba. A tallata Rumsiki har duniya ta gaji da ji, amma wanda ya zo ya bi ta hannun ɗan gari, ya gaida lawan, a gaya masa inda ake takawa da inda ba a takawa. Taswirar waya tana cire mu daga tsakani, baƙo ya zo ya wuce bai gaida kowa ba, bai sayi ko ruwa ba.

Direban yawon buɗe ido daga N'Djamena:

Ina goyon bayan ɗan'uwana na Rumsiki, sai dai in ƙara abu ɗaya don kada a ɗora wa baƙi laifin duka. Ina kai mutane tsaunukan Ennedi da ke arewa maso gabashin Chadi, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A 2017 aka tarar an yi rubutu a kan wasu tsofaffin zanen dutse a yankin Archei, zanen da suka yi dubban shekaru, kuma samarin yankin aka zarga, ba masu zuwa daga nesa ba. Wanda bai san darajar abu ba shi ke ɓata shi, ko daga ina yake. Shahara kuma takan jawo kariya, domin wurin da duniya ta sani idan an taɓa shi ana jin ƙara. Duk da haka akwai kogunan dutse masu zane da abokaina Tubawa suka nuna mini, ban taɓa ɗora hotonsu ba, kuma ba zan ɗora ba sai ranar da aka sa musu mai gadi.

Malamin Islamiyya daga Ngaundare:

Jama'a, an taɓo amana da ɓoye ilimi, to bari in faɗi ɗan abin da na sani, Allah Shi ne mafi sani. Ya zo a hadisi cewa wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye za a yi masa linzamin wuta ranar alƙiyama, amma malamai sun yi bayani cewa ana nufin ilimin da mai tambaya ke da larurarsa, ba kowane labari ba. Ya kuma zo cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, wannan kuwa yana ƙarfafa maganar Malama, domin dattijon bai mallaki kwarin ba. Sai dai shari'ar da ta faɗi haka ita ce kuma ta san hima, wato keɓe wani fili a hana kiwo a cikinsa don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

Abin da nake gani shi ne a raba maganar gida biyu. Gargaɗi game da haɗari ba a ɓoye shi ga kowa, ko maƙiyi ne, kuma a nan 'yar'uwarmu ta Gidar ta yi daidai. Wanda ya san gangare na zaftarewa ko kwazazzabo na cika ya yi shiru har wani ya halaka, yana da tambayar da zai amsa. Amma nuna wuri mai kyau kyauta ce, ba bashi ba, kuma mai kyauta yana da ikon zaɓen yadda zai bayar. Kai kuma ɗana, dattijon bai ce ka ɓoye ba, amma wanda ya kai mutum huɗu cikin shekara talatin halinsa ya riga ya faɗa maka. Abin da aka sani a al'ada kamar sharaɗin da aka furta ne.

Malamar makaranta daga Marwa:

Allah Ya gafarta Malam, na gamsu da rabewar, amma akwai sauran abu a raina. Idan nuna wuri kyauta ce, to kyautar nan kullum hannu ɗaya take bi, daga uba zuwa ɗa, daga aboki zuwa aboki. Wanda ya ce kada a ɗora a intanet, a bar shi hannu da hannu, to ya ɗauki nauyin miƙa hannun ga wanda ba nasa ba. Mutum huɗu cikin shekara talatin sun yi kaɗan. Baba na Lagdo, ina tambaya da ladabi, ka taɓa nuna gurbinka ga yaron da ba jininka ba?

Masunci daga Lagdo:

Na taɓa, sau biyu. Ɗaya ɗan Musgum ne da ya yi shekara shida yana ja mini taru, har yau yana kiyaye watan da aka hana. Ɗayan ya kawo mutane da taru mai ƙananan ido kamar gidan sauro, suka kwashe har 'ya'yan kifi, wurin ya yi shekara uku bai dawo ba. Tun daga nan na daina. Da na karanta tambayarki sai na ga cewa saboda mutum ɗaya na rufe wa da yawa ƙofa, kuma ƙarfina ya fara ƙarewa, 'ya'yana biyu suna Duwala ba mai niyyar dawowa ruwa. Idan na mutu a haka, dutsen da giginyar za su tsaya ba mai sanin abin da suke nunawa. Zan yi tunani a kai, 'yata.

Ɗan Garwa mai karatu a Grenoble:

Na gode muku duka. Jiya da dare na cire taswirar da hoton wurin ajiye mota, ko da yake na san magana zarar bunu ce, waɗanda suka sauke ta sun riga sun sauke. Na bar rubutun, na ƙara masa bayanin gefen da ke zaftarewa bayan iska da gefen da tsuntsun ke kwana, na sa shi a sama inda ba mai tsallake shi. Da safe na je gidan dattijon da ɗan kilishin da aka aiko mini daga gida. Ya karɓa, ya sa na zauna, muka sha shayi, bai ce ya yafe ba bai kuma ce bai yafe ba. Da zan fita ya ce in duba sanarwar hukumar yanayi ranar Juma'a da yamma, idan mataki bai wuce na 2 ba in same shi ƙarfe biyar na asuba.

Akwai wata ɗaliba 'yar Chadi a makarantarmu da ta daɗe tana tambayata yadda ake fara wannan wasa, ba ta da mota ba ta da wanda zai kai ta. Na tambaye shi ko za ta iya biyo mu. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba wancan kwarin za mu ba, kuma sai ta fara koyon nemo na'urar da aka binne a dusa da tono da shebur a filin bayan gidansa, kamar yadda ya sa ni na yi a shekarar farko.